Inna ta ce in na huta, ɗan zai yi girma a ciki

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a unguwar Bagalam cikin Maraɗi, shekaruna 27. Sana'ata kuli-kuli da man gyaɗa, wajen mahaifiyata na gaje ta. Yanzu ina da cikin wata biyar, na uku ke nan. Ta farin tana makaranta. Na biyun namiji ne, na haife shi cikin bai cika wata takwas ba, da aka ɗora shi a sikeli bai kai kilo 2 ba, ya yi kwana tara ya koma. A wancan cikin ban ajiye aiki ba har ranar da faya ta fashe ina bakin kasko.

Wannan karon da na je awo, ungozoma ta ce jinina ya yi ƙasa, in rage aiki. Da na faɗa a gida, Inna, uwar maigidana, ta ce zancen ƴan boko ne. Ita tara ta haifa tana surfe tana daka, kuma mai ciki in ta zauna tana ci, ɗan girma zai yi har sai an yanka ta kafin a fito da shi. Maigidan ɗan kabu-kabu ne, abin da yake samu ba ya isa, da ribar kuli-kulin nake cefane da zubin asusu. Kullum nakan ɗauko bido huɗu ko biyar daga famfon unguwa, in soya gyaɗa, in kai inji a ka, in dawo in matse mai, in soya kuli. Da yamma marata takan ɗaure, bayana kamar zai ɓalle. Ga wannan zafi na bazara. Tanti, aikin ne ya kashe mini yaro? In na bari, mu ci me? In na ci gaba, tsoro nake ji.

Ƙanwarki a Bagalam

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa mai ceto ne, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Tambayarki ta farko zan fara sauke miki, don na ga ita kike kwana da ita. Babu likitan da zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ya fito da yaron nan kafin lokacinsa. A duniya baki ɗaya, kusan jariri 1 cikin 10 ana haifarsa ne cikin bai cika mako 37 ba, har a ƙasashen da mata ba su san bakin kasko ba. Masassarar sauro tana jawo haka, ƙarancin jini yana jawowa, ciwon sanyi na mafitsara ko na gaba, hawan jini, tagwaye, ciki kan ciki babu hutu. Da yawa kuma a bincika a rasa dalili. Aiki mai nauyi yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, wannan gaskiya ne, amma ke neman halak kike yi don ciyar da gida, ba wanda ya gaya miki komai a lokacin. Kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki riƙe daga wancan cikin: macen da ta taɓa haihuwar bakwaini ta fi sauran mata yiwuwar sake yi. Don haka wannan cikin ba za a bi da shi yadda aka bi da na baya ba, ko Inna ta so ko ba ta so ba. Ga jini ya yi ƙasa, ga mara tana ɗaurewa. Ungozomar nan ta san abin da ta gani.

Kin tambaye ni ki bari ko ki ci gaba, kamar hanya biyu ce kawai. Ni da na karanta yadda yininki yake, ayyuka na gani daban-daban a cikin sana'a ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba a kan ciki. Tsintar gyaɗa, murje ɓawo, bakace, mulmula kuli, ɗura mai a kwalba, lissafi da masu sari, duk waɗannan a zaune a inuwa ake yin su, kuma ban ga abin da zai hana ki yin su har watan haihuwa ba. Waɗanda suka tsaya mini a rai uku ne: bidon ruwa, ɗaukar gyaɗa zuwa inji, da matsar mai. Na huɗunsu daɗewa a bakin wuta da tsakar rana.

Mu yi lissafin ruwan tukuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido mai lita 25 kilo 25 ke nan, huɗu sun zama kilo 100, tun ba a zo ga gyaɗa da itace da tukunyar mai ba. Na kawo wannan adadi ne da dalili. Wasu masu bincike na jami'ar Alberta a Kanada sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama kan aikin mata masu ciki, suka fitar da sakamako a 2019 da 2020. Sun ga cewa matan da jimillar abin da suke ɗagawa a yini ta kai kilo 100, haɗarin haihuwa kafin lokaci yana ƙaruwa musu da kusan kashi 30 cikin ɗari, na haihuwar ɗa marar nauyi kuma kusan ninki biyu. Daɗewa a tsaye yana ƙara haɗarin bakwaini da kusan kashi 10 cikin ɗari, aikin da ya wuce awa 40 a mako da kusan kashi 20. Kada lambobin su firgita ki. Ƙarin kashi 10 ɗin nan nufinsa in da mata 10 cikin 100 ne za su haihu da wuri, sai su zama 11. Yawancin mata masu aiki lafiya lau suke sauka, shi ya sa Inna take da shaidarta ta tara. Amma ki lura, yawancin matan da aka yi binciken a kansu na Turai ne da Amurka, masu ci su ƙoshi, da jininsu cikakke, ba sauro. Ke kuwa duk abubuwan sun taru miki wuri ɗaya, nauyi da tsayuwa da dogon yini, a kan jikin da ya riga ya gaza jini.

Yadda abin yake a jiki ba wuyar ganewa. Ɗan da ke ciki ba shi da wata hanyar samun abinci da iska sai jinin da ke zuwa mahaifa ta mabiyiya. In kika sa ƙarfi wajen matsa, jini yakan karkata zuwa damatsa da cinyoyi. In kika daɗe a tsaye, yakan taru a ƙafafu. In zafi ya yi yawa, yakan koma fata don jiki ya huce, gumi kuma ya rage ruwan jikin. Kamar ruwan noman rani ne a Jiratawa, in an buɗe wa wannan fili, wancan sai ya jira. Na ɗan lokaci ba komai, jikin mace an halicce shi da juriyar haka. Amma daga hantsi zuwa magariba, kullum, wata da watanni, ɗan ne yake ta jira. A Gambiya an bi mata 92 masu ciki har gonakinsu ana auna su suna aiki a rana, aka buga sakamakon a 2022: duk lokacin da zafi ya ƙaru, bugun zuciyar ɗan tayi yakan hau, alamar yana wahala. Wannan a gona ke nan, a fili. Ke a watan Afrilu na Maraɗi kike, zafi ya haura 40, kuma ga wuta a gabanki, ga hayaƙin itace da ke rage iskar da jini yake ɗauka.

To ga abin da nake ganin za ki iya, ba tare da tukunya ta sauka ba.

Ruwa ya fita daga hannunki daga yau. Ko maigidan ya ɗora bidon a moto da asuba kafin ya fita nema, wanda ba zai ci masa rabin awa ba, ko a ba ɗan garuwa. Haka gyaɗar inji, shi ya kai ya ɗauko. Mutumin da yake yini yana ɗaukar kayan mutane daga Babbar Kasuwa zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo ba zai kasa ɗaukar na matarsa ba. Matsar mai kuma, in akwai injin matsa kusa da ku, ki biya a matse miki. In babu, ki nemi abokiyar sana'a ku yi yarjejeniya: ita matsa da suya, ke tsinta da mulmula da sayarwa, ku raba riba. Na san za ki ce ribar za ta ragu. Za ta ragu. Ki ɗora ragin a sikeli ɗaya da abin da kuka kashe a kwana taran nan na asibiti, da watannin da kika yi ba ki iya komai ba.

Suyar da ba makawa sai ke, ki mai da ita bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a fili inda iska ke kwashe hayaƙi, ba cikin madafa ba. Ki sami kujera mai ɗan tsayi ki jingina bayanki, ki bar ƴar tsugunon nan da ke danne ciki. Kada ki yi awa guda cur a tsaye ko a duƙe ba ki sauya ba. Tulun ruwa a gefenki, ki riƙa sha ba sai ƙishi ya kama ki ba. In fitsarinki ya yi ja, ruwa bai ishe ki ba. Tsakanin azahar da la'asar ki kwanta ta gefen hagu ko awa ɗaya ce. Kuma ranar Juma'a ki ba kasko hutu.

Abu ɗaya da ban yarda ki yi ba shi ne ki sauke nauyin a kan ƴar farin. Na sha ganin haka a gidajenmu: uwa ta yi nauyi, sai a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata bido da farantin talla, ana cewa na wata uku ne, daga nan ba ta sake komawa aji ba. Ta taya ki tsintar gyaɗa in ta dawo, wannan ya isa.

Yanzu ga Inna, wadda a ganina ita ce rabin maganar.

Kada ki ɗauke ta maƙiyiya. A wani gefen ma tana da gaskiya: zaman dirshan ba alheri ba ne ga mai ciki. Likitoci sun daina cewa mace ta kwanta a gado don hana bakwaini, tunda an gwada an ga ba ya hanawa, sai ma ya jawo daskarewar jini a ƙafa da mutuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mai ciki mai lafiya ta riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako. Shara, girki, tafiya gidan suna, duk ki ci gaba. Ma'aunin mai sauƙi ne: aikin da za ki iya yi kina hira ba kya haki, bai fi ƙarfinki ba. Wanda sai kin riƙe numfashi kin yi nishi, wannan na wani ne.

Tsoron da take yi na ƙaton ɗa kuma ba daga iska ta ɗauko shi ba. Matan zamaninta sun ga ƙawayensu sun kwana biyu, uku a kan gwiwa a ɗaki, wasu sun tafi, wasu sun tashi da yoyon fitsari. Ba a banza aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a Danja a 2012 ba. Abin da suka gani gaskiya ne, dabarar da suka fitar ce ta kauce. Doguwar naƙuda tana zuwa ne daga ƙugun da bai gama girma ba, ko kwanciyar ɗa ba daidai ba, sannan a makara ba a kai mace likita ba. Ke shekarunki 27, kin haifi ta farin da kanki. Hana uwa abinci da hutu ba ya buɗe ƙugu, ƙarfin yunƙuri yake rage mata, kuma mace mai ƙarancin jini ita ce zubar jini kaɗan bayan haihuwa yake kayarwa.

Wannan tambaya ta Inna an taɓa gwada ta, kuma da gyaɗa aka gwada. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 28 na Gambiya, an riƙa ba mata masu ciki na wasu daga cikin ƙauyukan wani biskit da aka yi da gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, kullum, daga tsakiyar ciki har haihuwa. Matan manoma ne, aikinsu ya fi tsanani da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136, a lokacin yunwar damina kuma da kusan giram 200. Zagayen kan jariri, wanda shi ne abin tsoron, milimita 3 kacal ya ƙaru, faɗin da bai kai ƙwayar dawa ba. Haihuwar ɗa ba rai da mutuwar jarirai a makon farko kuwa suka ragu da kusan rabi. Kin ga ke nan abin da ya ceci ƴaƴan can yana cikin farantinki, kina sayar wa mutane. Ki riƙa cire rabonki kafin ki kai kasuwa. Kwaɗon zogale da kuli-kuli, fura da nono, wake, ƙwai in ya samu (maganar wai ƙwai yana sa ɗa sata ko rashin magana ba ta da tushe), hanta jefi-jefi. Daga wannan wata zuwa haihuwa jikinki yana neman ƙarin abinci kamar ƙaramin kwano guda a kan abin da kika saba, kuma mai aikin ƙarfi ta fi haka. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, wadda akan ware a ce ta gida ce, ki zubar, dafi ne da ita.

Yadda za ki shigo da Inna: kada ki kai mata maganar da bakinki kuma, kin riga kin gwada. Suruka ba ta son a ce matar ɗanta ce ta koya mata haihuwa. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ki ce kina son babba a kusa. Kafin ku shiga ki raɗa wa ungozoma abin da ake ciki, ta yi mata bayani da girmamawa, ta nuna mata abin da aka rubuta a karne, wato katin awonki. Sannan ki ba ta matsayi: ita za ta riƙa tuna miki maganin jini, ita za ta ce wa ɗanta ya ɗebo ruwa. Umarnin da ya fito daga bakinta ba mai musa shi a gidan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ita ma jikanta ta rasa, ƙila tsoronta bai gaza naki ba, ba dai ta faɗa ne.

Maigidan kuma ki same shi da dare, ba gaban mahaifiyarsa ba, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba. Kada ki ce masa "ina son hutu", don kunnen namiji ragwanci yake ji a nan. Ki ce masa abu kaza da kaza nake so ka ɗauke mini na wata huɗu, ga abin da zai ci. Ciyarwa dama haƙƙinsa ce, ribarki taimako ce kike yi. In mai jin wa'azi ne, ya tuna aya ta 14 a Suratu Luƙman, inda Allah ya ce uwa tana ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa. Dokar ba ta iso bakin kaskonki ba, kamar yadda ba ta iso ga yawancin matan Maraɗi ba, amma in hukuma ta yarda mai zama a ofis tana bukatar mako 6 kafin ta sauka, mai matsar mai fa? Ki yi wa kanki irin wannan hutu: in ciki ya shiga wata takwas, ki bar wuta gaba ɗaya.

Zancen asusu, ki gaya wa uwar asusun halin da kike ciki tun yanzu, ki nemi a ba ki kwasa kusa da watan haihuwa ko a rage miki zubi. In ƙungiyarku irin ta Mata Masu Dubara ce, wadda a nan jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, a duba ko kuna da ɗan asusun taimako na rashin lafiya da haihuwa. Neman wannan ba roƙo ba ne, da kuɗinki a ciki.

Rage aiki kaɗai ba zai cika miki jini ba. Ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki, kullum ne, ko ta sa bayan gida ya yi baƙi, hakan ba illa ba ce. Kada ki haɗa ta da shayi, yana hana ta shiga jiki. Da lissafina haihuwarki za ta faɗo wajen Agusta, tsakiyar damina, lokacin da masassara ta fi kayar da mutane a nan, kuma masassara ita ma tana ƙanƙantar da jariri. Maganin rigakafin da ake haɗiya a gaban ungozoma, wata-wata ake shan sa, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Sange, wato gidan sauro, kuma kowane dare, ko zafi ya ce kar ki shiga. Ki nemi a auna miki fitsari da hawan jini duk zuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awo sau 8, ke kuwa da tarihinki ko an ce ki ƙara ki ƙara. Awon ciki yana cikin abubuwan da gwamnati ta ce kyauta ne tun 2006, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a rubuta miki ki saya. Ki ajiye ƴan kuɗi don haka. Ki faɗa musu ƙarara cewa kin taɓa haihuwar bakwaini, a rubuta a karne, ki tambaya ko a CSI, ƙaramin asibitin unguwa, za ki haihu ko za su tura ki Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro.

Ɗaurewar marar nan ta yamma kada ki jira ranar awo, ki je gobe a duba. Daga yanzu in ta zo, ki ajiye komai, ki yi fitsari, ki sha ruwa kofi biyu, ki kwanta ta hagu. In ta lafa, gajiya ce, kuma jikinki ya gaya miki aikin ranar ya yi yawa. In kuwa tana zuwa tana dawowa, sau huɗu ko fiye a awa ɗaya, ko kika ga jini, ko ruwa yana bin ƙafa, ko kika ji kamar abu yana danno ƙasa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, ko motsin ɗa ya ragu, to sai matanite, wato asibitin haihuwa, kai tsaye, ko ƙarfe biyun dare ne. Ba jiran gari ya waye, ba jiƙo, ba rubutu tukuna. Saurin yana da dalili: akwai allurar da ake yi wa uwa in naƙuda ta taso kafin mako 34, tana ƙarfafa huhun jariri, amma tana bukatar lokaci kafin ya fito. Ku yi maganar da maigidan tun yau, ya ba ki izinin fita ko ba ya nan, ku san mai adaidaita ko maƙwabcin da za a buga wa, a kuma ware kuɗin mai a wuri ɗaya da karne. Allah ya raba ku lafiya.

Tantinki